Kafin Talabijin Ya Tona Mini Asiri

Jama'a, ku gyara zama, yau gaisuwata gajeruwa ce. Wadda ta rubuto tana ce mini matsoraciya, wai da tuni na gaya wa Kaka maganar Brodie in da ina da zuciya, na ga saƙonki kuma ban musa ba. Amma 'yar'uwa, ba ki san Kaka Tsuneko ba ne.

Ga sababbin shigowa: sunana Kanoko, a nan Cairns ta Ostiraliya aka haife ni, muna zaune ni da Mama da Kaka a tsohon gidan katako mai dogayen ƙafafu a gindin dutse. Tun da mijin Kaka ya rasu Mama ta ɗauko ta daga Isonami, ƙaramin garinsu na masunta a arewacin Japan. To gangar jikin ce kawai ta zo. Sauran duk yana can, kuma ta cikin talabijin take ziyartarsa kullum.

Tashoshin Japan ta intanet suke zuwar mana, Mama ta jona tsohuwar kwamfutarta da talabijin ɗin falo. Da safe Kaka za ta sunkuyar da kai ta gaida mai karanta labarai kamar maƙwabcinta. In mai hasashen yanayi ta ce ana dusar ƙanƙara a arewa, sai Kaka ta ɗauko rigar sanyi ta saka, mu kuwa muna ƙarƙashin fanka muna narkewa.

"Kaka, gumi fa kike yi."

"Gumin nawa ne ko naki?"

Ana cewa kai tsaye tashoshin suke zuwa, amma a baki ne kawai. Hotonmu kullum yana bayan na mutanen can da kusan minti ɗaya. Shi ya sa Kaka ta kafa doka: in ana kallo, ba mai ɗaga wayar Japan. Ƙanwarta Kikue ta sha ɓata mata kokawar ƙattai, ta kira tana ihun wane ya kayar da wane, alhali a falonmu ƙattan ba su gama watsa gishiri ba ma.

Sai maganar Genta. Jikan aminiyar Kaka ne, yana aiki a ofishin ƙungiyar masunta a Isonami, hotonsa na manne a jikin firijinmu tun bara. Sau ɗaya na taɓa ganinsa ido da ido, muna yara, ya sa mini kaguwa a cikin takalmi. Tsofaffin biyu ne suka ƙulla abinsu a waya. Ba wanda ya ce dole. Kaka ba ta yin dole, ajiyar zuciya take yi, kuma tata ta fi dole ciwo.

"In kika yi aure a Isonami," haka take cewa tana ɓare lemo ba tare da ta kalle ni ba, "ni ɗan ɗaki ƙarami ya ishe ni. Mai taga ta wajen teku."

Kun ga inda matsalar take. Gidanta na can an sayar, gwiwoyinta ba sa barinta ta yi tafiya ita kaɗai, Mama kuma ba ta iya rufe shagon abincinta. Ba Genta Kaka take so ba, hanyar gida take so, ni ce kuma hanyar. Ta yaya zan buɗe baki in ce mata na toshe?

Shi kuwa Brodie nawa, jirgin ruwa yake tuƙawa, yana kai 'yan yawon buɗe ido su yi nutso. Dogo ne, rana ta gasa masa hanci har ya daina saɓa. Kakan kakansa ɗan Japan ne, cikin masu nutson neman lu'ulu'u a tsibiran arewa, amma Japanancin da Brodie ya gada bai wuce "na gode" da sunayen abinci ba. Mama ta san da shi, har tana ƙara masa nama a kwano in ya je shago.

Dabarar da na ƙulla ita ce ta Lahadin nan. Akwai shirin da ake yi duk Lahadi da rana, na waƙar 'yan gari, kowane mako a wani gari daban. Kowa na iya shiga, daga ɗan makaranta har mai sanda. Kana cikin waƙa za a buga maka ƙararrawa: ɗaya ko biyu, ka sauka ke nan, in kuwa aka jero ta da yawa ka ci. Wannan makon shirin a Isonami za a yi, kuma Kaka Kikue na cikin masu waƙa. Na ce to, in an gama Kaka na cikin farin ciki, sai Brodie ya shigo ya gaishe ta.

Ranar Asabar na tura masa: *Ƙarfe uku. Kada ka zo kafin nan.*

Ya amsa: *Na sayi sabuwar safa. Na goge riga. Na kama mata kifi mai ɗigo-ɗigo, babba.*

*Sunkuyawa fa?*

*Ina ta koyo a gaban madubi. Abokin ɗakina ya ɗauka ciwon baya nake.*

Lahadi muka tashi da ruwa, irin ruwan damina na Cairns da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda rufin kwano. Kaka ko a jikinta. Tun da hantsi ta saka kimononta, doguwar rigar gargajiyarsu mai ruwan toka, ta ɗaura ɗamara mai launin ganyen shayi, ta soka tsinken gashinta na azurfa, har da jan baki kaɗan. Ta sauko da hoton marigayi mijinta daga saman kantar falo, ta juyar da shi yana fuskantar talabijin, ta zuba masa shayi a ƙaramin kofi. Ni ma ta sa na cire gajeren wandona na saka doguwar riga mai furanni, wai ba a zuwa taron gari da cinya a waje.

"Kaka, ba fa ganinmu suke ba."

"Mu muna ganinsu. Tafi ki taje kanki."

Saura kaɗan a fara, hoton ya tsaya cak. Mai talla ya daskare da baki buɗe, ɗan zoben nan ya fito a tsakiyar fuskarsa yana ta juyawa. Mama ta kashe akwatin intanet ta kunna, ta hura masa iska, ta mare shi. Shiru. Muka gwada wayata, muka gwada tata, duk layinmu ɗaya, kuma in ana ruwa a gindin dutsen nan layin namu ba ya jan hoto, sai dai kira da ɗan saƙo.

Kaka ta ɗora hannayenta a cinya tana kallon zoben nan yana juyawa. Tausayinta ya kama ni.

Mama ta ja ni kicin. "Kira mai jirgin nan naki. Wayarsa ko a tsakiyar teku tana kamawa."

"Mama, sai ƙarfe uku muka yi da shi!"

"To ki jira ƙarfe ukun, ki nuna mata zobe a madadin ƙanwarta."

Ashe ma yana kan titinmu, zaune a mota tun ɗazu, wai kada ruwa ya makarar da shi. Ya hawo matakala a guje, rigar da ya sha wahalar gogewa ta manne masa a jiki, ga akwatin ƙanƙara a hannu. Ya tuɓe takalma a bakin ƙofa ya jera su kyau, ya shigo, ya sunkuya sosai har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wane ne wannan sandan raken?"

Kafin in haɗiye yawu Mama ta ce, "Mai gyaran intanet ne."

"Mai gyara da kifi?" Ta ɗaga murfin akwatin, ta danna idon kifin da yatsa, ta leƙa cikin kunnensa. "Na yau ne. To ya gyara mu gani."

Brodie ya jona kwamfutar da wayarsa, ya shiga yawo a falo yana ɗaga ta sama kamar mai neman sauro. A tsakiyar ɗaki babu, a bakin ƙofa babu. Sai a kusurwar baranda, ta tagar sama, kuma sai ya hau kujera ya zura hannu waje. Mama ta naɗe masa wayar a ledar burodi. Yana miƙa hannun, zoben ya ɓace, kiɗan buɗe shiri ya cika falon.

"Ce masa kada ya motsa," in ji Kaka.

Na ce masa. Ya ɗaga mini babban yatsan ɗaya hannun, ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunsa zuwa hammata. Daga inda yake yana hango talabijin ta ƙofar falo.

Sai ga Isonami. Aka nuno tashar jiragen kamun kifi, dusar ƙanƙara ta kwanta a kansu, ga doguwar katangar bakin teku, ga tsuntsaye. Kaka ta matsa gaba har gwiwarta na taɓa tebur. Da aka shiga zauren taro kuwa sai ta fara kiran suna.

"Kun ga mai sanƙon can? Ɗan mai awara ne, har ya tsufa! Waccan mai jan gyale, uwarta ta taɓa sace mini laima. Kai, kai, kai, dubi yadda aka gyara zauren. Tsoho, kana gani?" Da hoton mijinta take.

Wani direban bas ya yi waƙa, ƙararrawa biyu. Wata mai jego ta yi, biyu. Kaka na yanke hukunci kafin mai ƙararrawa, kuma ba ta kuskure. Wasu 'yan mata biyu 'yan makaranta suka hau da kaya iri ɗaya suna rawa. A nan ne wayata ta yi zuu a ƙarƙashin cinyata. Na san doka, amma na leƙa. Mayu ce, jikar Kaka Kikue, tana cikin zauren a zaune.

*Kanoko!!! Genta ya hau dandamali!*

Zuu.

*Ya ce waƙar TAKI ce*

Zuu.

*Ya faɗi sunanki. Ya faɗi Cairns. Ya ce in ya ci zai zo neman aurenki. Zaure ya kaure da tafi, na mutu*

Na ɗaga kai. A talabijin ɗinmu 'yan matan nan ba su gama juyi ba. Abin ya riga ya faru a can, duk Japan ta ji, amma bai iso falonmu ba tukuna. Yana hanya.

Masu karatu, ba zan ɓoye muku abin da ya fara zuwa raina ba. Brodie na can kan kujera. Kalma ɗaya zan faɗa masa da Turanci ya sauke hannu, zobe ya dawo, mu ɗora wa ruwa laifi. Har na buɗe baki. Sai na tuna Kaka Kikue ba ta hau ba, kuma in hoton nan ya tafi ba wanda ya san ko zai dawo. Na dubi Kaka, tana tafa wa 'yan matan a hankali, fuskarta ta koma ta yarinya.

Sai wata zuciyar ta ce, to ai kuwa ba talabijin ne zai riga ni ba. In ta ji daga bakin Genta ta yi murna, ta fara lissafin labulen taga, sannan ni in zo in rushe, wannan ya fi muni. Na kife wayar, na durƙusa a gabanta.

"Kaka, wancan na kan kujera ba mai gyara ba ne. Sunansa Brodie. Shi nake so, shi zan aura. Ba zan auri Genta ba. Ki yi haƙuri."

Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta sa bayan hannu ta ture kafaɗata.

"Matsa, kin tare mini."

Na matsa. Sai ga Genta, cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan a kafaɗa, ya ɗaura tawul a goshi irin na masunta, kunnuwansa jawur. Ya riƙe makirfo da hannu biyu ya faɗi duk abin da Mayu ta rubuto, kalma bayan kalma, har da ƙari. Mama ta ɗauki faranti ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Ya fara waƙar, wata tsohuwar waƙar masunta, kuma gaskiya farkon bai yi laifi ba. Na saci kallon baranda. Brodie na nan yadda yake, hannu a waje, yana ɗan gyaɗa kai da kiɗan. Na ce a raina, wayyo bawan nan, ga shi yana riƙe wa abokin takararsa fitila bai sani ba. Genta ya zo inda ake jan murya sama, ya ja, muryar ta tsage gida biyu.

Ƙararrawa biyu.

Zaure ya fashe da dariya da tafi. Mai gabatarwa ya dafa shi yana cewa kada ya karaya, sannan ya juyo ya kalli kyamara. "Kanoko-san, in kina kallonmu daga Ostiraliya, ga Isonami na gaishe ki!" Jama'ar zauren gaba ɗaya, har da ɗan mai awara, suka ɗaga hannu suna yi mini bai-bai. Kaka na zaune ƙiƙam kamar an dasa ta, ban iya karanta komai a fuskarta ba.

Mutum uku suka wuce, ban ji ko ɗaya ba. Sai aka kira mafi tsufa a cikin masu waƙar. Kaka Kikue ta fito da sandarta, 'yar mitsitsiya, sai da aka sauke mata makirfo. Da ta buɗe baki zauren ya yi tsit. Muryar siririya ce amma ba ta rawa. Kaka ta fara binta a hankali, baiti bayan baiti, ashe tare suka koya a wajen uwarsu suna gyaran raga. Ba a katse ta ba sai da ta kusa ƙarshe, sannan ƙararrawa ta ɓarke, aka jero ta kamar ba za a daina ba.

Mama ta yi ihu. Brodie ya yi ihu daga baranda, kujera ta yi tangal-tangal, hoton ya ɗan girgiza ya dawo. Mai gabatarwa ya tambayi Kaka Kikue ko tana da saƙo. Ta fizge makirfon.

"Yaya! Kina gani? Ni dai ban mutu ba, ke ma kada ki kuskura ki mutu ban gan ki ba!"

Kaka ta yi wata irin dariya da ta koma kuka a tsakiya. Ta zaro hankici daga hannun riga ta danne idanunta, jan bakin nan duk ya ɓaci. Ni ma na yi, Mama ma ta yi, ba wanda ya ji kunyar wani.

Da aka rufe shirin na je na ce wa Brodie ya sauko. Hannun ya ƙi lanƙwasuwa, sai da ya kama shi da ɗayan ya sauke. Ya shigo yana ɗiga, Mama ta jefa masa tawul. Kaka ta nuna masa tabarma a gabanta, ya durƙusa irin namu, gwiwoyinsa na ƙara.

"Fassara," ta ce mini. "Kuma kada ki ƙara gishiri, ina jin Turanci fiye da yadda kuke zato. Tambaye shi, ya san abin da yaron can ya ce?"

Na tambaye shi. Ya sosa ƙeya.

"Na ji sunanki, na ji Cairns, na ga kunnuwansa. Ai wannan ba sai an fassara wa mutum ba."

Na kalle shi baki sake. Ashe duk gyaɗa kan nan ya sani! Na mayar wa Kaka.

"To me ya hana shi sauke hannu? Ni da ni ce da na sauke."

"Ƙanwarta ba ta yi waƙa ba tukuna," in ji Brodie, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani.

Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo gare ni.

"Na ji abin da kika ce ɗazu, ba kurma ba ce ni. Kin zaɓi lokaci dai, kamar uwarki." Ta ninke hankicin gida huɗu. "To. Ɗakin nawa mai taga ya tafi ke nan."

Hawaye suka sake zubo mini. "Kaka, ki yafe mini."

"Rufe mini baki, me kika sata? Ni ce na ɗora wa aurenki kayana." Ta gyara zama. "Zama a can, na san ya wuce ni. Amma kin ji abin da fitinanniyar can ta faɗa a gaban duniya. Tambayi sandan raken nan, zai iya ɗaukar akwati biyu da tsohuwa ɗaya?"

Na fassara ina shessheƙa. Brodie ya dubi hannunsa da ya mutu, ya dube ta, ya ce in aka ba shi zuwa gobe zai iya. Kaka ta gane kafin in buɗe baki, ta kawar da kai don kada mu ga tana murmushi.

"In ya kai ni na ga Kikue ya dawo da ni lafiya, sai mu yi maganar aure. Kafin nan mai gyara ne. A ba shi busasshiyar riga, a dafa kifin nan."

Na rungume ta, ta ce in sake ta ina murƙushe mata ɗamara. Muna cikin haka wayar gida ta fara ruri, lambar Japan. Duk muka tsaya. Kaka ta duba, ta ɗauko ta da hannu biyu ta miƙo mini.

"Ni na ƙulla, kakarsa kuma ni zan ji da ita. Amma yaron nan sunanki ya kira a gaban ƙasa guda. Da bakinki zai ji, kuma da ladabi."

Na karɓa. Na kara a kunne, na ji hayaniyar zauren a bayansa da numfashinsa sama-sama, kamar wanda ya yi gudu.

"Kanoko-san," in ji Genta, muryarsa cike da murna, "kin gani? Ƙararrawa biyu ce, amma jama'a sun ce in zo duk da haka."